Haƙƙin tsohuwa ba ya jiran ranar sadakar bakwai



Ɗan'uwa, da kai nake yau, kai da ka bar tsohuwa a Gazawa, ko Cadawa, ko wani ƙauye na Gidan Runji, kana can ci-rani a Kano ko Agadas. An ce ka ware kuɗin maganinta tun da kaka, ka ce yi wa cuta tanadi rashin tawakkali ne. To, rumbun da ka cika da gero fa? Me ya hana ka barinsa wayam, tunda Allah ne Mai ciyarwa? Ka yi wa yunwa tanadi ba ka ga laifi ba, sai a kan jikin wadda ta haife ka tawakkali ya faɗo maka a rai.

Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta ambaci tsufan iyaye ƙarara, domin a lokacin ne nauyi yake zama nauyi. Risalar Ibn Abi Zaidin da muka karanta a zaure ta sa ciyar da iyaye matalauta cikin abin da ya wajaba a kan ɗa. Kana ganin ka sauke wannan da buhun gero, alhali hawan jini yana cinta, kwalbar magani ta ƙare tun watan jiya?

Na san amsarka ta biyu: ai gwamnati ta ce kyauta ne. Ka saurara da kyau. Kyautar da aka kafa tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, da awon ciki, da tiyatar haihuwa. Babu tsufa a ciki. Daga watan Satumba na 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, an kuma soke jika 150 da ake karɓa kafin fara wankin ƙoda. Wannan alheri ne, mun gode. Amma rabin kuɗi kuɗi ne, kuma hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ba zazzaɓin damina ba ne da ake sha wa magani kwana uku a miƙe. Duk wata sai an saya, har iyakar rai. Idan ciwo ya fi ƙarfin likitar ƙauye a tura ku Agye, idan ya fi ƙarfin Agye sai Maraɗi: kuɗin mota, abincin mai jinya, takardar maganin da za a saya a waje. Duk wannan daga aljihunku zai fito.

Wa ke kwana da ita kuwa? Matarka, ko ƙanwarka da ta baro ɗakinta. Ita ke juya ta, ita ke wanke shimfiɗa, kai naka kiran waya ne da "ya jikin Inna?". Ranar rasuwa kuma sai ga ka da buhunan shinkafa da rago, ana rabon sadaka kamar biki. Abin da aka kashe a kwana bakwai da ya saya mata maganin watanni tana da rai.

Yanzu da aka cire aya da gyaɗa, kafin kuɗin ya narke a biki, ka kira ƴan'uwanka maza da mata ku zauna. Ku kai ta a auna jininta da sugarta, ku tambayi ma'aikacin lafiya abin da maganin wata yake ci, ku raba gwargwadon hali, a rubuta. A ɗaure akuya biyu da sunanta, ba mai taɓawa sai ranar tafiya Maraɗi. Mai jinya ma a yanka mata nata, kuma a sa wanda zai karɓe ta ranar kasuwa.