Kada a Binne Ƙarin da Aka Yanke Kafin a San Sunansa

Akwai wani nau'in sankarar fata da likitoci ke kira dermatofibrosarcoma protuberans, a taƙaice DFSP. Yakan fara ne kamar ɗan tabo mai tauri a ƙirji, ko baya, ko kafaɗa, ko cinya, sau da yawa ba tare da zafi ba, ya yi shekaru yana faɗi a hankali kafin ya taso ya zama ƙari. Likitocin Faransa biyu, Darier da Ferrand, su ne suka fayyace shi a 1924. Mutane ƙalilan ne cikin miliyan guda ke kamuwa da shi a shekara, amma ƙididdigar Amurka ta nuna baƙaƙen fata sun fi farare samunsa da kusan ninki biyu.

A baƙar fata kuwa ya yi kama ƙwarai da kiloyid, tabon nan mai kumbura da ke biyo bayan hujin kunne ko ƙuna ko tsagar wanzami. Saboda haka sai a yi ta yi masa allura, ko a yanke shi a ƙaramin asibiti a ɗinke, a zubar da naman ko a miƙa wa dangi su binne. Alhali DFSP yana da siraran saiwoyi da ke ratsa kitsen ƙarƙashin fata, nesa da inda ido ke gani. Ba kasafai yake yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi ba, amma idan an bar saiwa ɗaya zai dawo, kuma kowace dawowa tana neman yanka mafi faɗi. Shi ya sa akan cire shi tare da santimita 2 zuwa 3 na lafiyayyar fatar da ke kewaye.

A 1997 masana suka gano tushen cutar. A cikin ƙwayar fata guda, kuromosom na 17 da na 22 sukan karye su haɗu ba daidai ba, sai ƙwayoyin gado biyu su manne: COL1A1, mai sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa fata, wanda ba ya hutawa, da PDGFB, mai ba da umarnin girma. Daga nan ƙwayar sai ta riƙa umartar kanta da hayayyafa ba tsayawa. Ana samun wannan haɗuwa a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar, kuma ba a gadon ta daga iyaye. Maganin imatinib, wanda aka fara amfani da shi kan wata sankarar jini, yana toshe wannan umarni, kuma a 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga DFSP da ya gagari tiyata, ko ya dawo, ko ya yaɗu.

Wasu za su ce gwajin ƙwayoyin gado almubazzaranci ne a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta tsallake matakin farko. Yawancin masu DFSP ana gane cutarsu da madubin ɗakin gwaji da wani rini mai bayyana alamar CD34. Gwajin FISH, wanda ke nuna haɗuwar ƙwayoyin gadon, ana buƙatarsa ne idan hoton ya rikita masani, ko idan za a ɗora majinyaci kan imatinib mai tsada. Naman da aka jiƙa a fomalin aka daskarar cikin kaki yakan yi shekaru bai lalace ba, kuma zai iya tafiya daga Sakkwato ko Damagaram zuwa kowane birni ba tare da firiji ba. Ke nan cibiya ɗaya ko biyu masu wannan gwaji za su wadatar da yanki guda.

Abin da ya rage shi ne ƙa'ida mai sauƙi: duk ƙarin da aka yanke daga jikin mutum a kai shi ɗakin gwaji, a kuma sa kuɗin gwajin cikin kuɗin tiyata ko inshorar lafiya, domin majinyacin da ya gama biyan kuɗin aiki da ƙyar ba zai ga dalilin sake biya a kan naman da ya riga ya rabu da shi ba. Shi ma majinyaci yana da haƙƙin tambayar likita inda za a kai naman da ranar da sakamako zai fito. Tabon da ya fito ba tare da rauni ba, yana ta girma, ko wanda ya dawo bayan yanka, bai kamata a kira shi kiloyid da ido kawai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma naman da aka binne ba ya gwaduwa.