Ba Kemo Ke Kashe Iyayenmu Ba

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu muna da uwa ko inna ko yaya mai fama da sankarar mama. Da zarar an fara mata kemo, suma ta zube, amai ya hana ta ci, sai 'yan dubiya su fara: "Kai, allurar nan za ta ƙarasa ta, a mayar da ita gida a yi na gargajiya."

Wannan shawara ce ke kisa. Kemo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, shi ya sa suma ke zuba, kuma takan dawo bayan an gama. Yawanci duk mako 3 ake yi. Wadda ta yanke a tsakiya ta ba ciwon filin yaɗuwa.

Mu da muka yi boko, aikinmu ke nan. Mu riƙe mata ranar asibiti, mu raka ta. In zafin jikinta ya kai 38, a kai ta ko da tsakar dare ne, don garkuwarta ta yi ƙasa. Sannan mu tambayi likita abin da ke gaba: tiyata, gashi da na'ura, ko Tamoxifen na shekara 5 zuwa 10. Addu'a kam a yi ta yi, amma kada a fasa allura.