Ku bar gola ya huta, ku tambayi inda kuɗin wasanni ya shiga

Tun da aka fitar da ƙungiyar makarantarmu a kakar da ta wuce, zancen ɗaya ne a hostel da ƙofar masallaci: wai gola ne ya kashe mu a bugun fenariti, wai koci bai iya canji ba. Ni dai ban yarda ba. A ganina yaran nan sun yi abin da ya fi ƙarfinsu, kuma laifin yana wani wuri.

Ku duba yadda kakar ta tafi. Atisaye ƙarfe shida na safe, ƙarfe takwas suna aji, wani ko karyawa bai yi ba. Wasanmu na waje mafi muhimmanci, mutum uku cikin 'yan wasan farko ba su je ba, saboda an sa tes a ranar kuma an ƙi ɗagawa. Waɗanda suka je a mota suka kwana, suka sauka da safe, da yamma suka shiga fili. Ɗan bayanmu da ya ji ciwo a gwiwa, 'yan ajinsu ne suka yi karo-karo aka kai shi asibiti. Haba jama'a! Duk da haka sai da aka kai ga fenariti kafin a fitar da su. Wannan ai abin a yaba ne.

Tambayata ita ce: kowane zango muna biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, yana nan a rubuce a rasit ɗinmu. Ina yake tafiya? Ban ce wani ya ci ba, amma wanda ya biya yana da haƙƙin a yi masa bayani.

Wasu za su ce karatu muka zo yi, ba ƙwallo ba. Gaskiya ne, karatu ne gaba. Amma Segun Odegbami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan ya karanta injiniya, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ya karanta a Jami'ar Legas, kuma dukansu suna cikin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka a 1980, ranar da aka ci Aljeriya 3-0 a Surulere. Biyu daga cikin ƙwallayen ma Odegbami ne ya ci. Tun 1966 ake gasar NUGA a ƙasar nan. Da aka fara gasar HiFL a 2018, Jami'ar Noma ta Makurɗi ce ta ɗauki kofi, Jami'ar Kalaba ta karɓa a 2019. Su ma ɗalibai ne, su ma suna da tes da jarabawa.

Sai kuma mu, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu. Za mu biya kuɗi a gidan kallo mu yi awa biyu muna musu kan Arsenal da Barcelona, amma filin makaranta da bai kai tafiyar minti goma ba, kuma kyauta, ba ma leƙawa. Akwai namu biyu a ƙungiyar nan fa. Ranar da aka ci su ne kowa ya san sunansu.

Kafin a fara sabuwar kaka, abu uku nake roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su kai gaban hukuma: a fito da lissafin kuɗin wasanni a manna a allo, a ba ɗan wasa damar rama tes idan ya tafi wakiltar makaranta, sannan makaranta ta ɗauki nauyin jinyar duk wanda ya ji ciwo da rigarta a jikinsa. Idan an yi waɗannan aka sake fitar da mu, to sai mu zauna mu yi maganar gola.

Wanda ke ganin ba haka ba ne, ya faɗi hujjarsa, amma ban da zagi don Allah.