Jinkirin Poirot Ba Aibi Ba Ne

Tsakanin 1989 da 2013, tashar ITV ta Ingila ta shirya kashi 70 na wasan Poirot daga littattafan Agatha Christie, kuma David Suchet ne ya fito a matsayin mai binciken tun daga farko har ƙarshe. Masu cewa wasan yana tafiyar hawainiya ba su gane dalilin jinkirin ba. Babu wayar salula, babu kyamarar tsaro; sai agogon da ya tsaya da baƙon da ya yi ƙarya kan inda ya kwana. Akan shimfiɗa hujjojin a gaban mai kallo, a ba shi lokacin auna su. Sa'ad da Poirot ya tara jama'a a falo ya tona asirin makashin, mai kallo kan ciji yatsa, domin shi ma ya ga agogon.