Ranar da Dare Ya Yi da Hantsi

Sharhinmu na yau a kan husufin rana ne, irin wanda wata ke rufe fuskar rana ruf, da kuma inda ya kamata mai bin Almasihu ya ajiye zuciyarsa in irin wannan duhu ya riske shi.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2006 zai tuna Laraba 29 ga Maris. Kwana biyu ke nan da kammala ƙidayar jama'a a Nijeriya, Kiristoci kuma suna tsakiyar azumin kwana 40, don sai 16 ga Afrilu aka yi Ista a shekarar. Inuwar wata ta taso daga gabashin Brazil da fitowar rana, ta haye tekun Atlantika, ta sauka a Ghana, inda mutanen Accra suka yi kusan minti 3 a cikin duhu. Daga nan ta ratsa Togo da Benin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo, ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta tsallaka Maraɗi, ta nausa hamada. A kan iyakar Chadi da Libiya ne duhun ya fi daɗewa, minti 4 da daƙiƙa 7. Faɗin inuwar bai kai kilomita 200 ba, kuma cikin kimanin minti 16 ta gama ratsa Nijeriya. Shi ya sa mutanen Legas da Jos da Kano suka ga rana ta dusashe kawai, ba su ga dare ba.

Ni a Gusau abin ya same ni, a harabar wata majami'a. Bazara ce, tun ƙarfe tara rana ke dukan ƙeya. Aka taru a gindin dalbejiya, 'yan zumuntar mata da ɗaurin kansu, yaran makaranta, da wasu maƙwabta Musulmi da suka leƙo don sun ji an samo tabarau na kallon rana. Da farko ba abin da ya sauya, yara har sun fara cewa ƙarya ce. Can sai hasken ya fara yin wani iri. Bai yi kama da na magariba ba, don na magariba ja ne, wannan kuwa toka-toka ne, ba shi da jini a jika. Wata yarinya ce ta fara nuna ƙasa: ɗigon hasken da ke zubowa ta tsakanin ganye duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan yashi da kan rigunanmu. Iska ta yi sanyi. Kaji suka kama hanyar akurki.

Wajen ƙarfe goma da rabi ɗan ragowar rana ya tsuke, ya zama ɗigo guda mai ƙyalli, ya mutu. A inda rana take sai ga baƙin da'ira, kewaye da wani farin haske mai gashi-gashi, wanda ido ba ya iya gani sai a irin wannan lokaci. Tauraruwar Zahra ta fito. Gefen sama ta kowace kusurwa ya yi ja, gabas da yamma, kudu da arewa. Daga cikin gari kana jin ihu da kabbara da kukan yara. A harabarmu wata tsohuwa ta durƙusa ta fara Addu'ar Ubangiji, muryarta na rawa, sauran mata suka kama.

Mutumin da na fi lura da shi wani malamin kimiyya ne, dattijon ikilisiyar. Ranar Lahadin da ta gabaci husufin shi ya tsaya gaban jama'a da tocila da faifai, ya nuna yadda ƙaramin abu in yana kusa da ido zai rufe babba mai nisa, ya faɗi ƙarfe nawa za a fara, minti nawa za a yi. Ya san komai game da abin da ke zuwa. Amma da duhun ya sauka sai na ga ya cire hula, agogon da ya yi niyyar dubawa yana hannunsa bai duba ba, hawaye na bin kumatunsa. Ba tsoro yake ji ba, ya san rana za ta dawo kafin minti huɗu su cika. A ganina wannan dattijo ya tsaya daidai inda Kirista ya kamata ya tsaya. Sanin dalilin abu bai rage masa ko ƙwayar zarra na girmama Mai abin ba.

Akwai wani tsoron kuma daban, wanda ke neman wanda za a ɗora wa laifi. Mun gan shi a Maiduguri a watan Janairun 2001, lokacin da aka yi husufin wata, wasu matasa suka far wa otal-otal da mashaya suna cewa zunubin masu su ne ya jawo. Shi ya sa kafin na 2006 hukumomi da malaman addini suka yi ta jan kunne a rediyo. Maƙwabtanmu Musulmi suna da amsa a cikin koyarwarsu: ranar da Ibrahim ɗan Annabi Muhammadu ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya hana su, ya umarce su da salla. Mu ma muna da tamu amsar. Annabi Irmiya, a sura 10, ya gargaɗi mutanen Allah kada alamun sama su firgita su yadda suke firgita al'ummai. Littafin Farawa kuwa, a zamanin da Masar da Babila ke yi wa rana da wata sujada, sai ya ajiye halittarsu a rana ta huɗu, ya ba su aikin yi: raba dare da yini, da ƙidayar kwanaki da shekaru. Ma'aikata ne, ba su da fushi, ba su da yarda.

Ku duba yadda suke aikin. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa daga gare mu kusan sau 400. Saboda haka in mun ɗaga kai sai mu gan su girma ɗaya. Da wata ya ɗan ƙanƙance da wannan farin rawani ba zai taɓa bayyana ba. Wasu Kiristoci na cewa da gangan Mahalicci ya daidaita su don ɗan Adam ya gani. Ina jin daɗin wannan magana, amma ba zan gina wa'azi a kanta ba, don masana sun auna wata yana ja da baya kimanin santimita 3.8 a kowace shekara, wata rana mai nisan gaske daidaiton zai ƙare. Abin da ya fi kama ni shi ne cika alkawari. Tun zamanin Babila aka gane cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. To ku lissafa daga 29 ga Maris 2006, za ku faɗa kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da duhu ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Ƙanin wanda muka gani a Gusau da Katsina ne. Awa takwas ɗin nan ce ta sa duniya ta ƙara juyawa, inuwar ta faɗa can yamma.

Na Amurka ɗin ma ya nuna cewa cutar tsoron nan ba ta san boko ba. Wasu masu wa'azi sun cika intanet da taswira, suna cewa hanyar husufin 2024 ta gitta ta 2017 a jihar Illinois, wai Allah ya zana alamar soke ƙasar. Wasu suka ƙirga garuruwa masu suna Nineba a kusa da hanyar, suka ce gargaɗin Yunusa ne ya dawo, har da masu sa ranar tashin duniya. Rana ta koma aikinta, su kuma ba wanda ya ji sun nemi gafara. Alhali Yesu da kansa, a Markus sura 13, ya faɗa wa almajiransa cewa sanin ranar nan da sa'ar na Uba ne kaɗai. Dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1504 Kolumbus ya maƙale a tsibirin Jamaika, mutanen wurin suka gaji da ciyar da shi da ma'aikatan jirginsa. Ya duba littafin lissafin taurari ya ga za a yi husufin wata ranar 29 ga Fabrairu, sai ya kira shugabanninsu ya ce Allahnsa ya yi fushi, zai ɗauke musu wata. Da watan ya yi ja suka ruga da abinci suna roƙo. Ya ci da iliminsa, ya kuma ci da sunan Allah. Duk faston da ya san husufi lissafi ne amma ya bar tumakinsa cikin firgici don baiko ya ƙaru, ɗan gidan Kolumbus ne.

Wani zai tambaye ni, to duhun ranar da aka gicciye Almasihu fa? Matiyu da Markus da Luka duk sun ba da labarinsa, daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku. Sau da yawa nakan ji ana cewa husufi ne, da nufin a ƙarfafa labarin da kimiyya. Lissafin bai fita ba. An gicciye Yesu a lokacin Idin Ƙetarewa, idin kuwa a tsakiyar wata ake yinsa, farin wata ya cika. Husufin rana ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata, sa'ad da wata ya shiga tsakaninmu da rana. Ban da haka, duhunsa komai daɗewa ba ya wuce minti 7 da rabi, wancan kuwa awa 3 ne. Ba yau aka gane wannan ba. Wajen shekara ta 221 wani marubucin Kirista, Yuliyus Afirkanus, ya ƙi maganar wani masanin tarihi mai suna Talus da ya kira duhun husufi, da wannan hujja ta cikar wata. Agustin, bishop na Hippo, inda ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, shi ma haka ya rubuta. Ikilisiya ta riƙe wancan duhu a matsayin abin da ya fita daga tsarin yau da kullum. Na Gusau kuwa tsarin ne da kansa, an buga lokacinsa a takarda shekaru kafin ya zo.

Duk da haka, wanda ya tsaya cikin duhun hantsi a tsakiyar azumi ba zai ƙara karanta labarin Jumma'ar gicciye yadda ya saba ba. Minti uku da ɗoriya kawai muka yi, mun kuma san ƙarshensa, amma sai da jikinmu ya yi sanyi. Matan da suka tsaya daga nesa suna kallon gicciye ba wanda ya ba su jadawali.

In kuma mai wa'azi ya nace sai ya yi maganar hukunci, to ya buɗe Amos sura 8, inda annabin ya yi maganar rana za ta faɗi da tsakar rana. Assuriyawa sun rubuta wani husufi da masana suka lissafa ya faɗa a watan Yuni na shekara ta 763 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Amos ɗin, kuma mai yiwuwa masu sauraronsa sun san irin duhun da yake nufi. Amma ku karanta ayoyin da suka gabata ku ga da wa yake. Da 'yan kasuwa yake, masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, masu tauye mudu, masu murɗe ma'auni, masu haɗa hatsi da ƙaiƙayi, masu sayen talaka a kan kuɗin takalmi. Wannan wa'azin ba ya tura kowa ya ƙona gidan maƙwabcinsa. Wanda husufi ya sa ya tuna mutuwa, ya koma shago ya gyara tiyarsa, ni ba ni da ja da shi.

Za mu sake samun dama. Ranar 20 ga Maris 2034 inuwar za ta dawo Nijeriya, wannan karon ta kudu, ta kan Legas da birnin Benin, ta wuce Kamaru da Chadi da Sudan da Masar. A cikin azumi zai sake faɗowa, don Ista ta shekarar 9 ga Afrilu ce. Yawancinmu na arewa za mu ga rana ta ragu ne kawai, kuma a nan haɗarin yake, don muddin ko siririn gefenta na waje, kallonta kai tsaye na ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba. Baƙin gilashin kwalliya ba ya karewa, haka ma leƙa ta a cikin kwanon ruwa. Ikilisiyoyi suna da makarantu da asibitoci da malaman kimiyya a kan bencinsu kowace Lahadi. A ba su minti goma bayan sanarwa su yi wa jama'a bayani, a samo tabarau na musamman tun da wuri a raba har da maƙwabta, waɗanda ke da hali kuma a haɗa musu mota zuwa inda duhun zai cika.

Ubangiji ya kiyaye mu.