Garma Muna So, Maƙeri Ba Ma So

Babu manomin Ɗanbatta da zai shiga gona da damina ba fartanya ko garma, amma ɗan maƙeri ya zo neman auren 'yarsa, sai a hau tonon asali. Haka mahauci: ranar Lahadi da shi ake cin kasuwar kara, ranar neman aure kuwa a tuna cewa jini yake taɓawa.

Daga ina wannan ƙyama ta samo tushe? Ba daga tarihi ba, domin labarin kafuwar Kano kansa cewa ya yi maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su suka zo Dala neman tama. Ba kuma daga addini ba: Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe yana ƙera sulke, Annabi Zakariyya (AS) kuwa kafinta ne. Masu fakewa da batun kafa'a su amsa mana: a mazhabar Malikiyya da muke bi, ashe ba addinin mutum da lafiyarsa ake dubawa ba?

Abin takaici, wasu 'yan boko sun fi kowa wannan girman kai. Suna gindin darbejiya da takardar digiri suna jiran aikin gwamnati, alhali ɗan maƙerin da aka hana mata ya gama ginin gidansa da guduma.