Wa'adin kwana bakwai, da bashin da ya bar mana

Iskar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa, masu kare gwamnatin Bola Tinubu kuma sun fara jera masa ayyuka. A cikin jerin akwai wanda ya kamata kunya ta hana su ambata, amma da ƙarfin hali suke faɗinsa: wai shi ne ya tsaya wa dimokuraɗiyya a Afirka ta Yamma lokacin da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Nijar. In ka ce musu ai yaƙi ya so kai mu, sai su ce to an yi yaƙin? Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Ana faɗar wannan a teburin mai shayi a nan Dogarawa, ana faɗarta a tsakanin masu digiri a Samaru, kuma a duk inda aka faɗe ta maganar banza ce.

Mu fara da abin da ya faru, tunda mantuwa ce jarin 'yan siyasa. Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban Nijar, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare Bazoum. Lokacin Tinubu bai cika wata biyu a mulki ba, bai kuma cika mako uku da zama shugaban ECOWAS ba. Ranar 30 ga wata aka taru a Abuja aka ba sojojin kwana bakwai su mayar da Bazoum, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ita ce mafi yawan abin da Nijar ke amfani da shi. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin haɗa rundunar ko-ta-kwana. Bayan mako guda hafsoshin soja suka gana a Accra, wani kwamishinan ƙungiyar ya fito ya ce har an tsayar da ranar shiga.

Wannan ba kurari ba ne na bakin kasuwa. Wasiƙar da shugaban ƙasa ya aika wa majalisar dattawa ta ambaci shirin tura dakaru. Abin da ya hana yaƙin shi ne majalisar ta ƙi, ranar 5 ga Agusta, ta ce a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa sun ƙi, malamai sun ƙi a kan mumbari, mutanen Kano sun fito kan titi. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, Sanusi Lamido Sanusi ya je ya ga Tiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi baya. Mutumin da aka riƙe wa hannu yana shirin jefa ashana a rumbu ba zai dawo daga baya ya nemi tukuicin cewa rumbun bai ƙone ba.

Hujjar da suka fi ƙarfi da ita ita ce Gambiya. Gaskiya ne a Janairun 2017 ECOWAS ta matsa wa Yahya Jammeh da sojoji har ya bar ƙasar, kuma an yi nasara. Amma Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, Jammeh ya faɗi zaɓe a fili, sojojinsa kuma ba su da niyyar mutuwa dominsa. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Rundunarta ta bi bayan masu juyin mulkin tun washegari, Mali da Burkina Faso kuma suka ce taɓa Nijar taɓa su ne. Ga shi mutumin da za a je cetowa yana hannun waɗanda za a kai wa harin. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ko ƙaramin gyara ba ma sakewa sai mun tanadi yadda za mu koma baya in ya ɓata. Har yau ban ji wanda ya bayyana abin da za a yi a rana ta takwas ba. A ce an kama Yamai, an samu Bazoum da rai, sai kuma me? Wa zai tsare shi a kan kujerar, shekara nawa, da kuɗin wa? Mutanen Iraƙi sun ga amsar irin wannan tambaya bayan 2003. Mu ma mun gan ta bayan 2011, lokacin da aka rusa Libiya makamanta suka kwararo Sahel.

Sannan ina dimokuraɗiyyar da ake karewa? A 2020 Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kodebuwa suka yi tazarce zuwa wa'adi na uku, mutane suka mutu a kan titi, ECOWAS ba ta ba kowa kwana bakwai ba. Gidan Gnassingbé na mulkin Togo tun 1967. Ashe juyin mulki laifi ne in an yi shi da bindiga, in kuma da alƙalami aka yi sai a aika saƙon taya murna. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu: a 1998 Janar Sani Abacha, wanda ke tsare da Abiola a kurkuku, shi ne ya aika sojoji Saliyo su mayar da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi maganar Nijar kamar wata ƙasa ce ta bayan teku. Iyakarmu da ita ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Borno. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ce da jihadi ya kora arewa. Tsakanin Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, akwai gidajen da uwa ke wannan gefe 'yarta na aure a wancan. Kuma wa za a tura? Yaran da ake horarwa a Depot na Zariya, waɗanda muke ganin iyayensu sun cika gari ranar yaye su. Da su za a je a harbi 'ya'yan kawunnansu, a daidai lokacin da manomin Giwa da na Birnin Gwari ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Wata huɗu bayan wa'adin, ranar 3 ga Disamba, jirgin sojanmu marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, mutum fiye da 80 suka rasu. Rundunar da ta kasa bambance taron Maulidi da sansanin ɓarayi a ƙaramar hukumar Igabi, ita za a ba aikin tsintar mutum ɗaya a tsakiyar Yamai.

Cewa kuma ba a yi asarar komai ba tunda ba a yi harbi ba, wannan sai wanda bai san kasuwa ba. Takunkumin ya kai kusan wata bakwai, sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage shi, Najeriya kuma ba ta buɗe iyakarta ba sai a Maris. Ya faɗo ne a kan mutanen da aka cire wa tallafin mai tun ranar rantsuwa, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 a Yuli. Manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka kaya na ruɓewa. 'Yan Dawanau da dillalan dabbobi na Maigatari sun san abin da suka rasa. A can kuwa duhu da ƙarancin magani ba su taɓa janar ko ɗaya ba, talakan Damagaram suka taɓa.

Kada masu liƙa hoton Tiani a bayan Keke Napep su ɗauka ina tare da su. Mutumin da aka ba amanar tsaron shugaba ya kulle shi, ya riƙe shi da matarsa ba shari'a, sannan a Maris 2025 ya rantsar da kansa na shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. Korar sojojin Faransa ba ta wanke wannan ba, hare-hare kuma ba su tsaya a Tillaberi ba. Amma ku duba wanda ya yi masa hidima mafi girma. A ranar 26 ga Yuli shi dogari ne da ya ci amanar ubangidansa. Da aka yi masa barazanar mamaya, Faransa kuma na tafa wa ECOWAS, sai ya wayi gari gwarzon 'yanci, filin wasa na Yamai ya cika da masu yi masa kirari. Abuja ce ta ɗinka masa wannan riga.

To a auna manufar da sakamakonta, tunda su suka ce a auna. An ce za a mayar da Bazoum: har lokacin da nake wannan rubutu yana tsare. An ce za a ƙarfafa ECOWAS: Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa tasu ƙungiyar a Satumban 2023, ficewarsu kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A Maris na shekarar Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, wadda muke yaƙar Boko Haram tare da ita. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021 a kan kusan dala biliyan 2, yanzu yana nufar ƙasar da shugabanta ke fitowa a talabijin, cikin Hausa, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa a kansa.